Ƙudan Teburin Doña Asunta

A babbar kasuwar Cochabamba ya fara ganinta, da sanyin safiya, a layin masu kunun jan masara. Baƙaƙen kaya ne a jikinta daga sama har ƙasa. Uwarta, Doña Asunta, ba ta daɗe da rasuwa ba, ita ta gaji rumfar da tukunyar. Sunanta Nelida.

Shi kuma Valdir. Daga Brazil ya zo karatun likita, cikin yaran nan da ke cika mana gari duk shekara saboda makarantun ƙasarsu sun fi ƙarfin iyayensu. Dogo ne, baƙi, siriri kamar rake. Iskar tudu ba ta karɓe shi ba. Kai na ciwo, leɓe ya tsage, rigar sanyinsa ba ta kai masa wuyan hannu ba. Sifaniyancinsa kuwa duk ta hanci yake fita.

Ya tsaya gaban rumfar yana kallon tururi.

"Sha za ka yi, ko gadin tukunyar aka ba ka?" in ji Nelida.

Bai kama duka ba. Ya nuna kofi da yatsa. Ta zuba masa, ta haɗa da wainar fulawa mai cuku. Ya kurɓa da gaggawa, harshe ya ƙone, ido ya kawo ruwa. Matan layin suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta jira ya shanye, ta ƙara masa rabin ludayi.

"Ban ce a ƙara ba," ya ce.

"Gyara ce. Ba a roƙonta, ba a ƙinta. Amma ka sani, wanda ya sha gyarata ba ya zama a rumfar wata. Ranar da na gan ka a bencin Doña Rufina, kada ka ƙara gaishe ni."

Washegari ya dawo. Bai sake fashi ba.

Yakan zauna a ƙarshen benci da littattafansa, ta riƙa gyara masa magana tana juya kunu. Ɗakin da yake haya sanyi ne da shi kamar rijiya, kuma ba shi da abokin hira a ciki. Jarrabawar farko ta kayar da shi. Ran nan ya zo bai buɗe littafi ba, ya ce shi gida zai koma.

"Wa ka baro a gidan?" ta tambaya.

"Mahaifiyata kaɗai. Creuza. Ɗinki take yi, a wani ƙaramin gari bakin kogi. Kullum da safe sai ta turo mini murya, tana tambaya ko na ci abinci."

"To ka koma ka ce mata sanyi ya kore ka. Za ta ji daɗi ƙwarai."

Ya sunkuyar da kai.

"Ni makarantar nas na bari," ta ce, "na yi jinyar tawa uwar har na rufe mata ido. Kai taka tana da rai, tana jiran likita. Buɗe littafin nan, Baƙona."

Daga ranar sunan ya bi shi. Shi kuma ya saka mata Kurciya, saboda yadda take karkata kai in tana sauraro.

Da yamma sai saƙo ya shigo mata: "Kurciyata, na ci jarrabawar ƙashi. Duk ƙashin da aka tambaye ni, muryarki nake ji tana cewa buɗe littafin nan."

Ta mayar: "Madalla. Gobe gyara biyu. Amma ka sayi rigar sanyi ta mutane, wannan ta ƙanenka ce."

Ya rubuto: "Ba ni da ƙane. Ba ni da kowa a garin nan sai ke."

Ta daɗe tana kallon wannan. Sannan ta rubuta: "Na sani. Ni ma tun da Inna ta tafi ban yi dariya ba sai a kanka."

Kasuwa ba ta riƙe magana. Labari ya isa gidan burodin Don Casiano Zurita, mahaifinta. Mutum ne da ya tsufa a bakin tanderu, bai iya sakin fuska ba, kuma tun da matarsa ta rasu maganarsa ta ƙara gajarta. Ya kira 'yarsa yana cikin kwaɓa fulawa, bai ɗago ba.

"An ce wani dogo ya tare a bencin uwarki."

"Mai sayen kunu ne, Baba."

"Mai sayen kunu yana sha ya tashi."

"Yana sona. Ni ma ina sonsa."

Ya buga ƙullun a kan katako.

"Na ga irinsu. Da jaka suke zuwa, da jaka suke tafiya. Abin da suke bari a baya kuwa goyo ne. Jeki ki tambayi 'yar mai kantin magani. Ga Wilder ɗan aminina, motarsa tasa ce, na san kabarin kakansa. Wannan fa, wa na sani nasa?"

"Ka gan shi tukuna, Baba."

"Ba na bukata."

Gwaggo Braulia ce ta shiga tsakani, yayar Don Casiano, mace ɗaya tak da yake jin nauyi a duniya. Ta ce masa ranar zuwan rayuka ta kusa, ranar da ake kafa wa mamaci teburin abinci don ya sauko ya ci, kuma wannan ne teburin Asunta na farko. Gida zai cika da mutane. Yaro ya zo cikin jama'a, a gan shi, ba a yi alkawarin komai ba. Don Casiano bai ce to ba. Bai kuma ce a'a ba. A wurinsa wannan izini ne.

Tebur ya yi kyau, ba a taɓa irinsa a unguwar ba. Don Casiano da hannunsa ya gasa komai: jariran burodi masu fentin fuska, tsanin burodi da Asunta za ta sauko ta kansa, doki, rana da wata, kurciyoyi. An jingina rake a kusurwoyi don ta dogara. Hotonta a sama, kyandir a gefe. A tsakiya aka ajiye miyar gyaɗa, abin da ta fi so a duniya, a cikin kwanon da take ci da shi.

Valdir ya zo da farar riga da furanni. Ya gaida Don Casiano, tsohon ya ba shi yatsu biyu. Wilder na jingine da bango, ya dube shi sama da ƙasa.

"Likita, an zo duba marar lafiya? Ai an makara."

Valdir ya wuce shi. Ya tsaya kusa da teburin, inda Nelida ta nuna masa, yana neman abin da zai yi a ga amfaninsa.

Rana ta take tsaka. Ƙararrawar coci ta kaɗa. Aka buɗe ƙofa da tagogi, kowa ya yi tsit.

Sai ga wani ƙuda, babba, mai shuɗin baya. Ya shigo ta ƙofa, ya kewaya hoton, ya sauka a bakin kwanon miyar gyaɗa. Gwaggo Braulia ta dafe ƙirji, ta faɗi wata kalma da yaren kakanni, wanda Valdir ba ya ji. Don Casiano ya cire hula.

Nelida ta gaya wa Valdir komai game da ranar. Ta gaya masa tsani, ta gaya masa rake, ta gaya masa kada ya taɓa abinci. Wannan ɗaya ne ba ta gaya masa ba, don bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa akwai mutumin da bai sani ba. Shi kuma wata da watanni ana koya masa a aji abin da ƙuda ke ɗauka a ƙafafunsa.

Ya naɗe takardar addu'ar da aka raba, ya kai masa duka.

Ƙudan ya faɗa kan farin ƙyallen tebur, ƙafafu a sama. Miya ta fantsama a jikin hoton.

Wata mata ta ƙwala ihu. Nelida ta toshe bakinta da hannu biyu. Valdir ya waiwaya yana murmushi, ya ga fuskoki, murmushin ya mutu.

Don Casiano ya tako a hankali. Ya ɗauki ƙudan a tafin hannunsa, ya rufe da ɗaya hannun. Bai ɗaga murya ba.

"Fita."

"Don Casiano, a kan abincin ya..."

"Fita daga gidana."

A bakin titi Gwaggo Braulia ta same shi, tana kuka tana faɗa.

"Kai wane irin yaro ne? Asunta ce! Da me kake so ta zo, da mota? Wata da watanni mutumin nan yana jiran matarsa. Ta sauko, ko loma ba ta kai ba."

Valdir ya zauna a gefen kwata, farar rigarsa a cikin ƙura.

Ranar da washegarinta masu addu'a suka yi ta shigowa, ana ba su burodi, suna fita. Don Casiano na zaune gefen teburin bai ci ba, bai sha ba. Da lokacin sallamar rayuka ya yi, aka ɗaga tebur, magana ɗaya ya yi:

"Ta zo da yunwa, ta koma da mari."

Ya hana Nelida barin yaron ya zauna a rumfa. Ta bi umarni. Valdir yakan wuce ta bakin layin da safe, ya rage tafiya, ya wuce. Bai zauna a bencin Doña Rufina ba, bai zauna a na kowa ba. Haka yake shiga aji da cikinsa wayam.

Ya rubuto mata: "Kurciyata, da na sani da hannuna zan yanke kafin in ɗaga shi. Ki gaya wa Baba in zo in durƙusa."

Ta mayar: "Na san ba ka sani ba, Baƙona. Laifina ne da ban faɗa maka ba. Amma uwata ce. Ni ma jiranta nake yi. Ka ba ni lokaci."

Bayan kwanaki ta sake rubutawa: "Ka ci abinci yau?"

Da haka suka ci gaba, a waya kawai, kamar masu magana ta ramin bango.

Shekarar rasuwa ta cika, Nelida ta cire baƙaƙen kaya. Ba a rufa mako ba iyayen Wilder suka zo da kwandunan 'ya'yan itace da tulun giyar masara, neman aure. Don Casiano ya karɓe su da mutunci. Ya ce ba zai ba da amsa ba sai Asunta ta sake zuwa, ta ci, ta koma lafiya. Ranar da aka ɗaga tebur na biyu, ranar za su ji. Kowa ya san amsar da za su ji.

Nelida ta ce, "Baba, ba na son Wilder."

"Uwarki ma ba ta so ni ba da farko."

"Ba zan gudu ba, Baba. Ba zan yi aure ba sai da albarkarka. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce na daina son wancan ba."

"Wanda ya kashe uwarki karo na biyu."

Ta shige ɗaki.

Da sanyi ya shigo, saƙonnin Valdir suka ɗauke ɗif. Ta rubuta, shiru. Ta kira, waya a kashe. Ana cikin haka Wilder ya zo rumfa, ya zauna daidai inda Valdir yake zama, ya miƙe ƙafa.

"Na ga likitanki a tasha. Da jaka. Wata 'yar ƙasarsu ta rungume shi, ta ƙi saki, kamar a fim. Baba bai faɗa miki ba? Da jaka suke zuwa."

"Sha kununka ka tashi, Wilder."

"Ba gyara?"

"Ta ƙare."

Amma maganar ta shige ta. Da yamma ta rubuta: "In tafiya za ka yi, da ka zo ka faɗa mini a ido. Saboda kai na tsaya gaban ubana. Allah ya ba ka wadda ta san yarenka."

Sai bayan kwanaki amsa ta zo, gajera: "Ki yi haƙuri. Ba zan iya magana ba."

Ta toshe lambarsa.

Watannin sanyi suka wuce a haka. Nelida ta rame. Kununta ya fara tsinkewa, masu saye suna ƙorafi. Don Casiano yana ganin 'yarsa tana ƙarewa a gabansa, sai dai ya ƙara wa tanderu itace.

Wata safiya wata yarinya mai magana ta hanci ta zauna a bencin. Nelida ta gane ta daga kwatancen Wilder. Ta dangwarar mata da kofi.

"Ke ce Nelida? Sunana Jucilene, ajinmu ɗaya da Valdir. Na zo ne don na rasa wanda zan gaya wa. Ya daina zuwa makaranta. In bai dawo ba za a cire sunansa."

"Ke da kika rungume shi a tasha, ki mayar da shi mana."

Yarinyar ta ajiye kofin.

"Au, ba ki sani ba? Mahaifiyarsa ce ta rasu. Ta faɗi a kan keken ɗinki. Ya ruga tasha, ya tarar masu zanga-zanga sun tare hanyoyi da duwatsu, ba motar da ke fita. Mu kuma a ƙasarmu ba a kwana da gawa sau biyu. Yana tsaye a tashar aka turo masa hoton kabari. Ni na riƙe shi don kada ya faɗi."

Ludayi ya suɓuce daga hannun Nelida ya nutse a tukunya. Ta kwance ƙyallen gabanta, ta ce wa Doña Rufina ta duba mata rumfa.

Ta same shi a ɗakinsa da rana tsaka, labule a sauke, gemu ya fito, littattafai sun yi ƙura. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baƙona."

Ya ɗago.

"Muryarta ta ƙarshe tana cikin wayar. Tambaya take ko na ci abinci. Ban ma amsa ba, ina sauri zan shiga aji."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da wane baki? Ni da na yi wa taki uwar abin da na yi. Na ce alhaki ne ya kama ni."

"Kai wawa ne," ta ce, tana kuka. "Dogon wawa. Ni kuma na fi ka. Tashi ka wanke fuska."

Ta ɗaga labule. Ta sa shi ya yi alkawarin komawa aji. Sannan ta gaya masa maganar Wilder da ranar da aka sa.

"Baba ba zai saurare ka a gidan burodi ba, ba zai saurare ka a titi ba. Amma ranar rayuka ba a korar wanda ya zo yi wa mamaci addu'a. Ko ɓarawo ne, ko mahaukaci. Sai ya gama, a ba shi burodi. Ko Baba bai isa ya karya wannan ba."

"In ya ƙi fa?"

"To na zama matar Wilder, kai kuma ka zama likita. Kowa ya ɗauki nasa."

Ranar ta zo. Tebur na biyu bai kai na farko girma ba, amma miyar gyaɗa tana nan a kwanonta. Iyayen Wilder sun zo da wuri, sun sami kujeru. Ana dab da kaɗa ƙararrawa Valdir ya tsaya a bakin ƙofa, da tsohuwar rigar sanyinsa, hannu wofi.

Wilder ya miƙe. "A ɓoye miya, ga mai maganin ƙwari ya iso."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Don Casiano ya taso, fuska kamar dutse.

"Me ya kawo ka?"

"Addu'a na zo yi wa Doña Asunta."

Tsohon ya dubi yayarsa. Gwaggo Braulia ta kafe shi da ido. Ya matsa gefe.

Valdir ya durƙusa gaban teburin. Ya fara da Sifaniyanci, ya sarƙe, ya koma yarensu. Ba wanda ya ji abin da yake faɗa, amma an ji sunan Asunta, an kuma ji wani suna na biyu, inda muryarsa ta karye. Da ya gama bai tashi ba.

Don Casiano ya ɗauko burodi ɗaya, mafi ƙanƙanta, ya miƙa masa. Sannan ya tsaya.

"Suna biyu na ji. Teburin nan na mutum ɗaya ne. Wace ce Creuza?"

"Mahaifiyata ce. Ta rasu farkon sanyi."

"Ka binne ta?"

"Hanya a tare take. Ban samu ba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya san wannan tarewar, fulawa ma ba ta shigo gari ba a lokacin.

"Wa ya kafa mata tebur?"

"Ba kowa. Mu ba ma yi. Ni kaɗai ta haifa." Valdir ya dube shi. "Don Casiano, ba zan yi maka ƙarya ba. Ban sani ba ko suna zuwa."

"Ni na ce maka na taɓa ganin fuskar wani? Ana dafawa, ana buɗe ƙofa. Shi ke nan." Muryarsa ta fara hawa. "Shekararta ta farko ke nan. Mace ta taso tun daga Brazil, ta haye duwatsun nan duka tana neman ɗanta, ta tarar da ɗaki a rufe, ko ruwa babu? Kai wane irin ɗa ne? Me ake koya muku a makarantar?"

Ya juya ga teburin da ba mai taɓawa sai shi. Ya tura jariran burodi gefe, ya matsar da doki, ya buɗe wuri kusa da kwanon matarsa.

"Me take ci?"

"Wake da garin rogo. Da baƙin kofi mai sukari da yawa."

"Braulia, akwai wake a wuta. Nelida, ɗora kofi. Garin rogo kuma ta yi haƙuri, nan ba Brazil ba ce. Hotonta fa?"

Valdir ya ciro waya. Aka jingina ta da tsanin burodi. Wata baƙar mata mai tabarau tana dariya a ciki.

Mahaifin Wilder ya yi gyaran murya. "Aminina, wannan fa teburin gidanku ne."

"Gidana ne, shi ya sa."

Ƙararrawa ta kaɗa. Aka buɗe tagogi. Kowa ya yi tsit.

An daɗe ba abin da ya shigo sai iska, tana kaɗa harshen kyandir. Don Casiano na riƙe da hularsa, yana murza bakinta. Nelida ta dube shi, ta gane tsoro yake ji: kada Asunta ta yi fushi ta ƙi zuwa.

Can sai aka ji ƙugi. Ƙuda ne, mai shuɗin baya. Ya kewaya ɗakin, ya sauka a bakin kwanon miya, ya daɗe a wurin. Ya tashi, ya leƙa kofin kofi. Daga nan ya zo ya sauka a bayan hannun Valdir, hannun dama, wanda yake dafe da gefen tebur.

"Kada ka motsa," in ji Don Casiano, can ƙasan maƙoshi.

Valdir bai motsa ba. Ƙudan ya yi ta yawo a kan yatsunsa, yana goge ƙafafu. Hawaye suka gangaro masa har cikin baki, bai share ba. Hannu ya ƙage, bai janye ba. Sai da ƙudan ya ga dama, ya tashi, ya fita ta taga.

Gwaggo Braulia ta fashe da kuka. "Wacce ce a cikinsu?"

"Ina ruwanki," in ji Don Casiano. Ya mayar da hularsa. "Ta ci dai."

Washegari da aka ɗaga tebur, ya ba iyayen Wilder amsarsu a tsaye, ya haɗa musu da kwandon burodi mafi girma. Aminin nasa bai sake yi masa magana ba sai bayan shekara. A ranar dai Don Casiano ya kira Valdir bakin tanderu.

"Da jaka ka zo."

"Da ita na zo."

"Wa za ka koma wa?"

"Ba kowa, sai kabari. Zan je in gan shi, in dawo."

"Da matarka za ka je. Ba a zuwa wurin uwa hannu wofi. Karatu kuma ka gama shi, ba na ba da 'yata ga rabin likita." Ya tura itace cikin wuta. "Sau uku ake kafa wa mamaci tebur, na uwarka saura biyu. A nan za a yi su. Kai za ka kwaɓa fulawar."

A makon nan aka ɗaura manyan lilo a bayan gari, kamar yadda ake yi in rayuka sun koma. Nelida ta hau da jan siket, karo na farko tun rasuwar uwarta. Valdir ne ya ja igiya. Bai iya ba, ya kusa kifar da ita, matan kasuwa suka yi ta yi masa waƙar tsiya. Tana can sama aka ji dariyarta.

Da yamma ya rubuta mata: "Kurciyata, yau na ga kin tashi sama. Ki riƙa dawowa."

Ta mayar: "Ina zan je? Ka sha gyarata, na sha taka. Gobe ka zo benci, Baƙona. Wurinka na nan."

An ɗaura auren a wata ranar Asabar bayan damina, a ƙaramin cocin unguwa. Ba wani dangin ango da ya zo, don babu. Jucilene da 'yan ajinsu suka tsaya masa, matan layin kunu suka cika sauran kujerun, har da Doña Rufina. A ƙofar coci aka yi layi ana zuba wa ango da amarya gutsattsarin farar takarda a ka, kowa da addu'arsa.

Don Casiano ne na ƙarshe. Ya zuba wa 'yarsa, ya riƙe kanta da hannu biyu, ya daɗe. Ya juyo ga Valdir, ya ga ba zai kai ba.

"Sunkuyo, dogon banza."

Valdir ya sunkuya. Tsohon ya cika hannu ya zuba masa, ya danna da tafinsa mai kaushin wuta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya ba ku 'ya'yan da za su buɗe muku ƙofa ranar da kuka dawo da yunwa. Tashi, ɗana. Miya na hucewa."